Hasumiyar Kwanuka a Ƙofar Gidana

Zan ba da labarin nan bi da bi, yadda ya faru, domin a unguwarmu an fara ba da shi a birkice, wasu ma daga ƙarshe suke farawa.

Ni mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ne. Ina da ɗan shago a jikin gidana, ina sayar da fenti da burushi da ƙusa. A gaban shagon akwai ɗan fili da bishiyar darbejiya da dakali, kuma ni nake share filin kowace safiya. Katangarmu ɗaya da wani malamin sakandare, mutumin Kudancin Kaduna, wanda duk layin ke kira Ticha. Matarsa kuwa Maman 'yan biyu ake ce mata. Su Kirista ne, mu Musulmi, mun daɗe tare har 'ya'yanmu sun girma a tsakar gida biyu. Ranar Sallah tuwo da miya da soyayyen nama su tsallaka can daga wajen maiɗakina. Ranar Kirsimeti shinkafa da kaza da cincin su tsallako nan. Kajin ma ni ake kira in yanka, don mu ma mu ci.

Kafin in kai ga hasumiya dole in yi bayanin kwano, in ba haka ba ba za a gane komai ba. A layinmu abinci yana yawo tsakanin gidaje: ranar suna, ranar rasuwa, ranar da wata ta yi girkin da ya yi mata daɗi. Saboda haka kowace mace tana da alamarta a bayan kwanukanta. Wata ɗigo biyu na kore, wata layi na shuɗi, wata jan farce kawai take gogawa. Mafi yawan fentin daga shagona yake fita, a murfin kwalba, kyauta. Ka'idar ita ce kwano ya koma gidansu, kuma kada ya koma babu komai a ciki. Amma ka'ida daban, abin da ake yi daban.

Maiɗakina 'yar unguwar ce, a nan aka haife ta. Da mahaifiyarta ta rasu, Allah ya jiƙanta, cikin abin da ya zo hannunta akwai wata tsohuwar langa, wato kwanon nan mai faɗi na zuba tuwo, fara mai shuɗɗan furanni, da manyan ɗigo uku na ja a baya. Ba ta fitar da ita sai ga wanda take girmamawa. Wata Sallah ta zuba tuwo a ciki ta aika wa Maman 'yan biyu. Langa ba ta dawo ba. Da aka kwana biyu ta tambaya ta kan katanga, Maman 'yan biyu ta ce ai ta mayar tuni. Maiɗakina ta ce, "To." Na san irin wannan "to" ɗin. Ba a rufe magana da shi, ajiye ta ake yi. Zumunci ya ci gaba, amma daga ranar a roba ake aika tuwon Sallah.

Ana nan sai aka shirya wani bikin al'adu a gari, aka raba wa masu zane da masu ƙira wurare su kafa abubuwan kallo. A Unguwar Gano aka kafa wani ƙaton kifi na gorunan roba. A Daurawa aka kafa ludayin katako wanda mutum zai iya kwanciya a cikinsa. Mu kuma mai unguwa ya rako mana wata yarinya 'yar jami'a, da wani mai walda mutumin kudu da ke da rumfa a Tarauni. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni, ta nemi izinin fili. Na ga tana da tarbiyya, na ba ta.

Suka haƙa rami, suka zuba siminti, suka tayar da rodi har ya kai tsayin bene. Sannan aka sauke buhunan tsofaffin kwanuka da ta saya a wajen 'yan gwangwan, masu bin gida-gida suna sayen tsohon ƙarfe. Ta rataye su da waya jere bisa jere, fuskarsu ciki, bayansu waje. Na ce mata, "Yarinya, kin juya su." Ta ce, "Baba, ai bayan ne ya fi kyau. Dubi ɗige-ɗigen nan ja da kore, kamar an zana." Ba ta tambaye ni ma'anarsu ba, ni kuma ba na amsa abin da ba a tambaye ni ba.

Kwanakin bikin sun wuce cikin hayaniya. An nannaɗe hasumiyar da ƙananan fitilu, baƙi suna ta ɗaukar hoto, matan layi ba su matso ba saboda cunkoson maza. Ranar ƙarshe aka kwance fitilun. Yarinyar ta zo sallama, ina zaune da Ticha da mai shayin bakin titi. Ta ce, "Baba, ga amana nan, sai mun dawo kwashewa." Na ce, "Na karɓa."

Da na shiga gida na faɗa wa maiɗakina, ta ce, "Ka tambaye ta yaushe za ta dawo?"

Na ce ban tambaya ba.

"Gidansu fa?"

"Shi ma ban tambaya ba."

Ta ce, "Sannu da aiki, Malam."

Ba wanda ya dawo. Kifin Unguwar Gano masu zoɓo da kunun aya suka cinye shi gora bayan gora, har ya rage ƙaya. Ludayin Daurawa na ji an ce ya zama bencin wani mai faci. Tamu hasumiyar kuwa ko murfi ɗaya bai ɓata ba, domin ina wurin. In iska ta taso sai ta kama kwaram-kwaram kamar ana wanke-wanken gidan biki, na haƙura. 'Yan gwangwan suka riƙa tsayawa da baronsu suna gaishe ni gaisuwar da ba su taɓa yi mini ba.

"Baba, Allah ya ja kwana. Kayan nan ai mun san su, mu muka sayar."

Na ce, "To kun sayar. Ku wuce."

Da abin ya tsaya nan da ban rubuta komai ba. Wata Asabar matan aure suna dawowa daga Islamiyya, titi ya yi tsit, sai matar tela ta tsaya cak a gaban hasumiyar, ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Wancan ba kwanona ba ne?"

Sauran suka tsaya. Ta nuna da yatsa. "Kore biyu da layi ɗaya. Nawa ne. Da shi na kai wa matar direba fate ranar da ta haihu."

Matar direba tana nan a bayanta. Ta ce, "Ni? Ai na aiko miki da abinki!"

"To ƙafa ya yi ya hau can?"

Kafin a raba su wata ta hango farantinta, wata ta hango murfin da ta yi shekaru tana zargin surukarta a kansa. Ashe kwanukan da suka shiga gidajen mutane suka maƙale, suka tsufa, aka ba 'yan gwangwan a musanya da robobi, su ne yarinyar nan ta tsince saboda kyawun launi ta rataye a bainar jama'a, kowanne da alamar mai shi a waje. Ban ce dukansu na layinmu ne ba. Amma namu sun isa tayar da unguwa.

Suka juyo kaina. "Malam, a sauko mana da kayanmu."

Na ce, "Amana ce."

"Amanar wa? Kayanmu ne!"

Na ce su saurara. Na farko, sayen kwanukan aka yi, ba sata ba. Na biyu, wadda ta saya ni ta danƙa wa, a gaban shaidu. Na uku, ba ta dawo ba. Har sai ta dawo, ko cokali ba zai sauka ba. Matar tela ta ce to in faɗa wa duniya ba ni na ba ta koren fenti ba. Na ce na ba matan layi da yawa koren fenti, kuma ni fenti nake sayarwa, ba shaida ba.

Hayaniyar ce ta fito da maiɗakina. Ta tsaya a bakin soro, ta bi hasumiyar da ido daga ƙasa, jere bayan jere, har idonta ya kai can ƙoli. A can yarinyar ta kifa wani farin kwano a karkace kamar hula. Shuɗɗan furanni. Manyan ɗigo uku na ja, ko makaho ya gani.

Daidai lokacin Maman 'yan biyu ta sauka daga adaidaita sahu da kayan cefane.

Maiɗakina ta ce, "Maman 'yan biyu, ɗan ɗaga kanki sama."

Ta ɗaga. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ajiye ledar hannunta a ƙasa ta ce, "Yaya, Allah yana gani, na mayar miki da langar nan. Da hannuna."

"Na ji. Daga ɗakina ta yi fiffike ta tashi."

"Yaya, ni kike cewa na sayar da kwanon mamanki?"

"Ni ban ce komai ba. Ga shi can yana faɗa da kansa."

Kowacce ta shige gidanta. Daga ranar hira ta kan katanga ta mutu. Ba aron gishiri, ba "ina kwana," ba kiran juna in ruwan famfo ya zo. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Kirsimeti ta kusa, kuma maiɗakina ta faɗa mini ƙarara cewa in shinkafa ta shigo gidan nan, yadda ta zo haka za ta koma. A layinmu ana iya yin faɗa a shirya, ana iya zagi a yafe. Amma in aka mayar wa mutum da abincinsa, an gama ke nan. Shekarun da muka yi da mutanen nan za su tafi a kan kwano ɗaya.

Maiɗakina abin da take so shi ne in sa tsani in sauko da langar, ta riƙe ta a hannu ta kai wa Maman 'yan biyu har gida ta nuna mata. Na ƙi. Da yamma aka kawo mini tuwo a wata tsohuwar roba marar murfi, irin wadda ake zuba wa kaji ruwa, sai dai an wanke ta tas.

Na ce, "Ina kwanona?"

Ta ce, "Kwanukan gidan nan suna wajen aikin al'adu."

Haka na ci gaba da ci a roba. Ban yi ƙorafi ba, ban kuma sauko da langa ba.

Ni da Ticha ba mu daina zama a dakali ba. Mukan zauna bayan la'asar, hasumiya tana kwaramniya a kanmu, kowa ya san abin da ke damun ɗan'uwansa. Wata rana ya ce, "Malam, a gidana ma ba lafiya. Madam ta ce in kawo mata shaida. Ni da lissafi nake koyarwa, ina zan samo shaidar kwano?" Ya ƙara da cewa, "Guda ɗaya ne fa. Ni zan riƙe maka tsani."

Na ce, "Ticha, in na sauko wa matata da nata, me zan ce wa matar tela? Kuma kai kana wurin lokacin da na ce na karɓa."

Ya ce, "Da na sani da ranar na tafi coci."

Na ga zama ba zai kawo yarinyar ba, sai na fara nemanta, mataki bayan mataki. Na fara da mai unguwa, tunda shi ya kawo ta. Ya ce shi rakiya kawai ya yi. Na je ofishin da masu bikin suka kama haya, na tarar ana sayar da wayoyi a ciki. Na je wajen limaminmu na tambaye shi ko kayan sun zama tsintuwa. Ya ce a'a, tsintuwa ita ce wadda ba a san mai ita ba, ni kuwa na san mai ita, sunanta da gidansu ne kawai ban sani ba. Ya sa aka yi cigiya bayan sallar Magariba. Ladan ya miƙe ya ce, "Jama'a, ana cigiya. Kayan suna nan, mai kayan ce ta ɓata." Mutane suka yi ta dariya har bakin titi. Ban ga abin dariya ba.

Sai daga baya na tuna da mai walda. Na hau adaidaita sahu zuwa Tarauni, na bi rumfunan masu walda ɗaya bayan ɗaya har na same shi yana haɗa ƙofar gida. Da ya gane ni ya ture gilashin fuskarsa sama.

"Baba! Abin nan yana tsaye har yanzu?"

Na ce yana tsaye.

Ya juya ga maƙwabtansa yana buga ƙirji. "Kun ji aiki! Damina guda, bai motsa ba!"

Yana da lambar yarinyar. Ya ce tana can kudu tana bautar ƙasa, ya zaro waya zai kira nan take. Na ce ya dakata. A ƙofar gidana aka ba ni amana, a gaban Ticha da mai shayi, a nan kuma zan mayar da ita, a gabansu. Ya kalle ni, ya ga ba wasa nake ba, ya rufe rumfarsa ya biyo ni.

A gindin hasumiya muka tsaya mu huɗu, aka buɗe muryar waya kowa yana ji.

Na ce, "Yarinya, Baba ne."

"Wane Baban?"

"Wanda kika bar wa amana."

Sai ta ce, "Innalillahi! Baba mai fenti? Har yanzu ba a kwashe ba? Wallahi na ɗauka masu bikin sun cire tuni. Baba, ka yafe ni."

Na faɗa mata halin da ake ciki, na yi mata bayanin ɗige-ɗigen da ta ce sun fi kyau. Ta ce ita a gidansu a kula ake zuba abinci, ba ta taɓa sanin ana sa wa kwano alama ba. Ta fara dariya, ta danne, ta sake ba da haƙuri, ta ce in yi yadda na ga dama da su.

Na ce, "Ba haka ake yi ba. Ki fara karɓar amanarki tukuna."

"Na karɓa, Baba."

"Ticha, ka ji? Mai shayi, ka ji? To yanzu kayanki ne. Me kika yi da su?"

"Na ba matan unguwa, kowa ta ɗauki nata."

Na ce, "Madalla." Nauyin da ya sauka daga kaina ranar, Allah kaɗai ya sani.

Na sa rabon ranar Asabar da ta rage kafin Kirsimeti, bayan la'asar, a tsakar gidana. Na roƙi Inna ta zauna ta yi alƙalanci. Inna ita ce tsohuwar da ta fi kowa shekaru a layin, ita ta wanke rabin matan nan ranar da aka haife su, ba mai ɗaga mata murya. Tsarin shi ne mai walda ya yanke waya, ya miƙo mini, ni in miƙa daga bakin soro, Inna ta duba ta ba mai shi. Na ce daga jeren ƙasa za a fara, a ƙare da ƙoli, don kada a ce na fara da gidana. Mai walda ya ce a duniya daga sama ake kwance abu. Na ce a nan daga ƙasa za a kwance.

Tsakar gida ta cika. Maman 'yan biyu ta zo, ta zauna can gefe kusa da ƙofa, ba ta cire takalmi ba. Ƙanwar maiɗakina ma ta zo takanas daga Daurawa don ta taya yayarta, kuma muryarta ta fi ta kowa. Tana ta cewa, ba tare da ta kalli kowa ba, ita dai ba ta san yadda mutum zai ci tuwon mutane ya haɗa da kwano ba.

Kwanon farko na matar tela ne. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga shi don matar direba ta gani, sai haske ya ɓullo ta tsakiyarsa.

"Malam! Huda ce!"

Mai walda ya amsa daga kan tsani, "To Hajiya, da me za mu rataye? Da addu'a?"

Duka a huje suke, kowanne da ƙofar da aka zura waya. Nan zafin mata ya ragu da rabi. Wasu da suka rantse a kan kwanukansu sai suka fara cewa wataƙila kama ce. Matar tela dai ta rungume nata, ta ce ko ƙasa za ta zuba ta shuka albasa, a gidanta zai kwana.

Rana ta yi sanyi kafin a kai ƙoli. Mai walda ya sauko da langar, na karɓa na miƙa. Inna ta kifa ta a cinya, ta goge ƙura da gefen zaninta, ta matso da ita kusa da ido.

"Ja uku. Na uwarku ne, na sani." Ta ƙara gogewa. "Maman 'yan biyu, mene ne alamarki?"

"Shuɗin layi, Inna."

"Babu shi a nan. Amma ga wani ɗan zagaye ruwan ɗorawa a gefe. Wa ke da ruwan ɗorawa a cikinku?"

Maiɗakina ta juya a hankali ta kalli ƙanwarta. Ƙanwar kuwa ta riga ta miƙe, tana gyara hijabi, tana neman takalminta a cikin na mutane.

Abin da ya fito shi ne wannan. Maman 'yan biyu ta mayar da langa, cike da cincin, ranar sunan jikanmu, gida cike da mata. Maiɗakina tana wajen tukwane, sai Maman 'yan biyu ta miƙa wa ƙanwar. Aka cinye cincin. Da yamma ƙanwar ta zuba waina a ciki ta tafi da ita Daurawa, ta ɗiga mata ruwan ɗorawa, ta yi amfani da ita har bakin ya fara tsatsa, sannan ta haɗa ta da wasu tarkace ta karɓi robobi.

Ƙanwar ta ce, "To ai kayan mahaifiyarmu ne. Ni ma 'yarta ce."

Maiɗakina ta miƙe tsaye. Na san wannan miƙewar, na fara tunanin ko in shiga. Sai Inna ta ce, "Ke, zauna. Ban gama ba."

Tana ta kankare gefen jan fentin da farcenta. Ta tofa ɗan yawu ta goge, ta juya langar wajen haske. A ƙarƙashin jan akwai wani tsohon zane da aka yi da ƙusa, layi uku kamar ƙafar kaza.

"Wannan na gidanmu ne. Tun ba a san fenti ba muke yin sa. Da langar nan na kai wa uwarku kunun kanwa lokacin da ta haifi waccan mai neman takalmin. Na yi ta jira, har Allah ya karɓi abarsa, Allah ya jiƙanta. Na yafe tun tuni. Amma tunda yau ranar duba bayan kwano ce, to a duba duka."

Maman 'yan biyu, wadda tun ɗazu take share hawaye, ita ta fara fashewa da dariya, har ta dafa bango. Matar tela ta bi, matar direba ta bi, gida ya ɗauka. Maiɗakina ta tsaya tana kallon langar, ta kalli ƙanwarta, ta kalli Inna, ba ta san wa za ta kama ba. Daga ƙarshe ta taka har bakin ƙofa inda maƙwabciyarta take.

"Maman 'yan biyu, ki yafe ni. Na ɗauki alhakinki."

"Yaya, sai na yi shawara. Shekara nawa kina ba ni tuwo a roba?"

"To cire takalmin dai ki zauna."

Aka tambayi Inna ko a kai mata langarta gida. Ta ce me za ta yi da hudajjen kwano a shekarunta. Ta miƙa wa Maman 'yan biyu ta ce, "Riƙe. A duk gidan nan ke kaɗai kika taɓa mayar da ita."

A daren nan tuwona ya dawo cikin kwanonsa, da murfi.

Rodin hasumiyar yana nan har yau, domin mai walda ya ce ba zai rusa aikin da ya yi kyau haka ba. Akwai kwanukan da ba wadda ta ce nata ne, suna rataye. Wani lokacin in na fito shara sai in tarar da sabon kwano a gindinta, lafiyayye, da alamar wata a baya, an ajiye ba a ce komai ba. Kafin azahar mai shi ta gani ta ɗauka. Waɗannan ba wanda ya ba ni amanarsu, shara kawai nake yi in kewaye su.

Ranar Kirsimeti da safe Ticha ya ƙwanƙwasa ƙofa da wuƙa a hannu, na je na yanka kaji kamar kullum. Da rana shinkafa ta shigo a kula, cincin kuma a cikin langar, tunda shi ba ya zuba ta huda. Aka karɓa, aka ci. Bayan kwana biyu maiɗakina ta soya gyaɗa ta cika langar. Ta biyo ta shago da ita a hannu ta ce, "Malam, ɗan ba ni jan fenti, ɗigon nan ya kankare."

Na ɗauko gwangwani na buɗe. Ta ɗaga langar sama ta leƙa bayanta, ja da ruwan ɗorawa da ƙafar kaza da huda a tsakiya. Gyaɗa guda ta faɗo ta hudar ta gangara ƙarƙashin kanta.

Ta ce, "Rufe abinka."

Ta toshe hudar da yatsa, ta nufi gidan Ticha.